Ka Ce Nazari Kake Yi, Ba Caca Ba? Zo Mu Duba Wasan Kurket

Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba. Ku yi haƙuri da tsawonsa, maganar ce ta ƙi gajarta.

Yau ba ƙwallon ƙafa za mu taɓa ba. Na san wasu har sun fara tsaki. Kurket za mu yi magana a kai, wasan nan na sanda da ƙwallo da mutanen Indiya da Pakistan suke haukacewa a kansa. Kuma ba don na rasa abin faɗa ba ne. Wani ƙanenmu ne ya turo min dogon saƙo wajen ƙarfe biyun dare. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Ya ce shi fa ya daina buga bet a ƙwallon ƙafa tun bara, don kullum wasa ɗaya ne yake yanka masa tikiti. Sai wani a wani zauren Telegram ya ce masa ai kurket ya fi sauƙin ci: manyan ƙasashen da ke buga shi goma sha biyu ne kacal, an san mai ƙarfi, an san mai rauni, ka duba sakamakon wasanni biyar na ƙarshe kawai ka bi wanda yake tashe. Ya bi. Makonnin farko ya ci, har ya sayi sabuwar waya. Yanzu wayar ta tafi, kuma akwai kuɗin shagon yayansa da yake tsarewa, wanda ya ce ya "ara", bai mayar ba. Yayan bai riga ya zauna lissafin kaya ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tambayar da ya rufe da ita. Bai ce yaya zai yi ya daina ba. Cewa ya yi in koya masa yadda ake karanta fom ɗin ƙungiya daidai, don shi ya gano kuskuren daga nazarinsa yake.

To ƙanena, maganar hukunci ba sai na daɗe a kanta ba. Kai ma ka je islamiyya, ka san an ambaci caca tare da giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Matsalar ita ce kai ba ka kiran abin da kake yi caca. Nazari kake kiransa. A ganinka caca ita ce ta 'yan karta a gindin bishiya, naka kuwa ilimi ne mai alƙaluma. Shi ya sa zan bi ka har can cikin nazarin, mu ga iya inda zai kai mu. Ni ina son kurket, na daɗe ina kallonsa, kuma zan gaya maka abin da na sani tsakani da Allah.

Bari in fara da waɗanda ba su taɓa kallo ba, a gurguje. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangare ɗaya yana jifa, ɗayan yana bugu. Mai jifa yana hankoron ya fitar da mai bugu, ko ta hanyar kayar da sandunan nan uku da aka kafa a bayansa, ko a cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, da wasu hanyoyin. Mai bugu kuma yana tara maki: in ƙwallo ta gangara ta fita iyakar fili maki 4, in ta tsallake ta sama maki 6. In an fitar da mutum 10, sai a yi musanya. Jifa shida shi ake kira oba ɗaya. Shi ke nan, ka isa ka bi sauran maganar.

Abu na farko da mai zauren Telegram bai gaya maka ba shi ne, kurket ba wasa ɗaya ba ne, uku ne sanye da riga ɗaya. Akwai Test, wanda ake kwana biyar ana yi, kuma a iya tashi ba wanda ya ci. Akwai na yini ɗaya, oba 50 kowane ɓangare. Akwai T20, oba 20, jifa 120 ke nan, a cikin kamar awa uku an gama. Ƙasa ɗaya tana iya tura kusan tawaga daban a kowanne, har da kyaftin daban. Saboda haka in ka buɗe manhaja ka ga an jera maka "ta ci, ta ci, ta ci, an ci ta, ta ci", ka tambayi kanka: ta ci a wane irin wasa? Ta ci wa? A ina? Da waɗanne 'yan wasa? Jerin nan na biyar ba ya amsa ko ɗaya.

Yanzu bari in ba ka labarin ƙungiyar da fom ɗinta ya fi na kowa kyau da na taɓa gani da idona. Gasar cin kofin duniya ta 2023, a Indiya aka yi. Indiya ta buga wasa 10 ta ci 10. Ba da ƙyar ba fa, dukan kawo wuƙa take yi wa mutane. Ostareliya kuwa da rashin nasara biyu ta buɗe gasar, na farkon ma a hannun Indiyar ne. Ranar 19 ga Nuwamba suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Ahmedabad, 'yan kallo sama da dubu 90, kusan kowa da shuɗiyar rigar Indiya. In fom ne kawai, wa za ka bi? Ko yaron goye ya san amsa.

Aka jefa kwabo, kyaftin ɗin Ostareliya Pat Cummins ya ci, sai ya ce su za su fara jifa, Indiya ta fara bugu. Mutane da yawa suka ce ya yi wauta, don a babban wasa irin wannan an fi son a fara bugu a tara maki a ɗora wa abokin hamayya nauyi. Ashe shi ƙasa ya karanta. A tsakiyar filin kurket akwai wani zirin ƙasa mai tsawon yadi 22, a kansa ƙwallo take sauka kafin ta isa ga mai bugu, kuma halin wannan zirin shi ne rabin wasan. Ranar ya bushe, da rana ƙwallo tana maƙalewa a kansa ba ta zuwa da gudu, bugu yana wahala. Indiya ta tsaya a 240. Da dare ya yi, aka kunna fitilu, raɓa ta fara sauka. Ƙwallo ta jiƙe tana santsi a hannun masu murza ta, tana zuwa wa mai bugu sumul. Ko da yake Ostareliya ta rasa mutum uku tana da maki 47 kacal, Travis Head ya tsaya ya buga 137, suka ɗauke kofi karo na shida. Filin ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Ka ga abubuwan da suka yanke hukunci? Kwabo, ƙasa, raɓa, da mutum ɗaya da ranarsa ta yi kyau. Wanne ne a cikin jerin wasanni biyar ɗinka? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Za ka ce ai wasa ɗaya ne, kowa yana iya tuntuɓe. To ga na kwanaki da yawa. A Oktoban 2024 Niyuzilan ta je Indiya buga Test uku. Tun 2012 babu ƙasar da ta je Indiya ta ci jerin wasannin Test, sau 18 a jere baƙi suna zuwa suna komawa da kunya. Niyuzilan kuwa daga Siri Lanka ta fito inda aka lallasa ta 2 da 0, kyaftin ɗinta ya ajiye muƙami, babban mai bugunta Kane Williamson yana jinya bai buga ko ɗaya ba, kuma rabonta da cin Test a ƙasar Indiya tun 1988. Wallahi da za a ba ɗalibi wannan a jarrabawar karanta fom, duk wanda ya zaɓi Niyuzilan sifiri za a ba shi. A wasan farko a Bengaluru, bayan ruwan sama, sararin sama a lumshe, Indiya ta zaɓi fara bugu, aka fitar da su duka a maki 46. A na biyu a Pune aka shirya ƙasa mai taimakon masu murza ƙwallo, don nan ne ƙarfin Indiya, sai Mitchell Santner na Niyuzilan, wanda bai taɓa fitar da mutum biyar a zubi ɗaya a Test ba, ya fitar da 13 a wasan. Aka ƙare 3 da 0. A gidansu.

Kuma abin yana juyawa ta ɗaya gefen. A Disambar 2020 a Adelaide an fitar da Indiya duka a maki 36, mafi ƙanƙanta a tarihinta na Test. Kyaftin ɗinta Virat Kohli ya koma gida, 'yan wasa suna ta jin rauni ɗaya bayan ɗaya. Duk mai bin fom ya gama binne su. Su ne suka ci jerin 2 da 1, suka rufe da nasara a Brisbane, filin da ba a taɓa cin Ostareliya a Test ba tun 1988.

In wannan ne halin dogon wasa, inda ƙarfi yake da kwana biyar ya nuna kansa, to T20 fa, wanda na tabbata shi ka fi sa wa kuɗi? Jifa 120 ba ta isa ta tace gwani daga mai sa'a ba. Mutum ɗaya ya haukace na minti ashirin, wasa ya tashi. A kofin duniya na T20 na 2022, Siri Lanka ta zo da kofin Asiya da ta ɗauka wata guda kafin nan, Namibiya ta doke ta da tazarar maki 55 a wasan buɗe gasa. A gasar dai Zimbabuwe ta ci Pakistan da maki ɗaya tak, Holan ta kori Afirka ta Kudu. A 2024 Amurka, ƙasar da yawancin 'yan wasanta ba a san su ba, ta ci Pakistan a Dalas, Afganistan ta ci Ostareliya. Kai, mu ma muna da namu. A Janairun 2025 a Maleshiya, 'yan matanmu na Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19, a zuwansu na farko gasar kofin duniya, suka doke Niyuzilan da maki 2. Ranar na yi ihu ni kaɗai a ɗaki har aka leƙo ana tambayar lafiya. Amma ka lura, an rage wasan zuwa oba 13 saboda filin ya jiƙe. Duk sanda wasa ya gajarta, tazarar babba da ƙarami tana tsukewa.

Wannan ya kawo mu ga ruwan sama, wanda shi kansa ɗan wasa ne na 12. Ƙwallon ƙafa ana yin ta cikin ruwa, kurket ba a yi. In ruwa ya katse wasa, lissafi ake yi a sake yanka makin da ake nema. A 1992, a wasan kusa da na ƙarshe a Sidni, Afirka ta Kudu tana neman 22 daga jifa 13 a hannun Ingila. Aka yi ɗan yayyafi, aka dawo, allo ya nuna 22 daga jifa 1. Abin kunyar nan yana cikin dalilan da suka sa aka kawo tsarin Duckworth da Lewis, wanda yanzu ake kira DLS. Ya fi na da adalci nesa ba kusa ba, amma har yanzu minti biyu na iya raba ka da kuɗinka. A 2022 a Melbon Ingila tana bin Ailan, ta fara farfaɗowa ke nan ruwa ya sauko, lissafi ya ce Ingila tana baya da maki 5, aka ba Ailan wasa. Kuma Ingilar ce ta ɗauki kofin bayan mako biyu da 'yan kwanaki.

To yanzu in amsa tambayarka kai tsaye, don kar ka ce na kauce. Mai karanta kurket da gaske ba jerin sakamako yake kallo ba. Yana jiran a fitar da sunayen mutum 11 ɗin, wanda sai bayan jefa kwabo ake sani, kamar rabin awa kafin a fara. Yana duba filin: a Perth ƙwallo tana tsalle har ƙirji, a Chennai tana murɗawa kamar maciji, a Ingila in hadari ya haɗu tana lanƙwasa a iska. Yana duba ko masu bugun ɓangaren nan sun iya fuskantar irin jifar da ɗaya ɓangaren yake da ita. Yana duba ko wasan yana da amfani ga ƙungiyar, don in an riga an ci jeri, ana hutar da manya a wasan ƙarshe. Yana duba gajiya da tafiya da hasashen yanayi. Wannan ilimi ne na gaske, kuma shi yake sa kallon ya yi daɗi.

Amma ga tambayata gare ka. Duk abin nan da na lissafa, wanne ne kamfanin bet bai sani ba? Kana zaune a ɗakinka da waya mai fasasshen gilashi, tsakar dare, ana wasa a Melbon, ba ka taɓa riƙe sandar kurket ba. Su kuwa suna da ma'aikata da kwamfutoci masu ɗauke da bayanin kowace jifa ta shekaru da shekaru. Duk abin da ka gano, sun riga sun zuba shi cikin od ɗin da suka nuna maka. Indiya tana tashe? Sun sani, shi ya sa suka ba ka 1.20. Ba fom kake karawa da shi ba, farashi kake karawa da shi, kuma mai shagon ne yake rubuta farashin.

Ɗauko biro mu yi lissafi, ba mai wuya ba ne. A ce ƙungiyoyi biyu kai ɗaya suke, hamsin-hamsin. Da adalci ake bi, kowacce 2.00 za a ba ta. Amma abin da za ka gani shi ne kamar 1.90 da 1.90. Ka sa naira 1,000 sau 100, ka fitar da 100,000 ke nan. Ka ci rabi, sau 50, kowanne 1,900, an dawo maka da 95,000. Ba ka yi kuskure ba, ba ka yi rashin sa'a ba, amma 5,000 ta tafi. Sai ka ci 53 cikin 100 kafin ka fara ganin 'yar riba ta naira 700. Ka ce to ni manya nake bi. A 1.20, ribarka 200 ce a kan kowace 1,000. Sai ka ci sau biyar kafin ka cike ramin faɗuwa ɗaya. Wato ka yi daidai sau biyar cikin shida, kuma kana nan inda ka faro. Na riga na nuna maka sau nawa manya suke faɗuwa.

Sai ka ga 200 ba ta sayen ko kati, sai ka fara haɗa wasanni a tikiti ɗaya don od ya kumbura. Nan ne aka gama da kai. Ɗauki wasa biyar, kowanne kana da tabbacin kashi 80 cikin 100, wanda a T20 babban tabbaci ne ƙwarai. Damar duka biyar su zo tare ba ta kai kashi 33 ba, sau ɗaya cikin uku. Wannan "wasa ɗaya ne ya yanka min" da ya kore ka daga ƙwallon ƙafa, ba tsautsayi ba ne, haka aka ƙera abin. Ka sauya wasa ne kawai, ba ka sauya lissafi ba.

In kuma ana cikin wasa kake sawa, jifa bayan jifa, ka sani hoton da ke iso wa wayarka ya makara da daƙiƙu. Akwai mutanen da ake kamawa a filayen wasa ana korarsu saboda suna aika wa 'yan caca abin da ya faru kafin ya fito a talabijin. Kai kana caca a kan abin da wani ya riga ya gani.

Akwai labarin da 'yan bet ɗin kurket suke son bayarwa. A 1981 a Headingley, Ingila ta shiga halin da aka sa mata od 500 a kan 1. Ian Botham ya buga 149, Bob Willis ya fitar da mutum takwas, Ingila ta ci Ostareliya da maki 18. Gaskiya ne ya faru. Amma ka lura an fi shekara 40 ana ba da shi, don irinsa ba ya yawan faruwa. Kuma ka san su wa suka shahara da karɓar kuɗin? 'Yan wasan Ostareliya biyu, Dennis Lillee da Rod Marsh, da suka ga od ɗin suka sa 'yan fam kaɗan a kan abokan hamayyarsu. Ba a same su da laifin sayar da wasa ba, a lokacin ma abin dariya aka ɗauke shi. Yau da ɗan wasa zai yi haka, dakatarwa ce ba wata-wata, saboda abin da ya biyo baya.

A shekarar 2000 'yan sandan Delhi suka fito da sautin wayar Hansie Cronje, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, mutumin da ƙasarsa take kallo a matsayin abin koyi, yana hulɗa da dillalin caca. Da farko ya musanta, daga baya ya amsa ya karɓi kuɗi. A wani Test da Ingila a Centurion a farkon shekarar, ruwa ya cinye kwana uku, sai ya kawo shawarar a gajarta wasa don a sami wanda ya ci. Duniya ta yaba masa, aka ce ga mai kishin 'yan kallo. Ashe wani ɗan caca ne ya ba shi kuɗi da rigar fata don kar a tashi ba sakamako. Aka haramta masa wasa har abada. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a 2002 yana da shekara 32.

Na 2010 ya fi ba ni tausayi. A filin Lord's a Landan, wata jarida ta ɗana tarko, ta ba wani dillali fam 150,000, shi kuma ya faɗa musu daidai jifar da za a yi laifin ƙetare layi a kanta. Haka kuwa aka yi. Kyaftin ɗin Pakistan Salman Butt, da Mohammad Asif, da Mohammad Amir, duk sai da suka shiga gidan yari a Ingila. Amir shekararsa 18 a lokacin, sa'anka ne ko ƙaninka, kuma ana ganin babu matashin mai jifa kamarsa a duniya. Ya rasa shekara biyar na ganiyarsa. Abin lura a nan, ba wasan gaba ɗaya aka sayar ba, jifa ce ɗaya-ɗaya, mai maki ɗaya. Kurket ya dace da irin wannan cuta saboda a gutsure yake, kowace jifa kasuwa ce, kowace oba kasuwa ce. Kuma irin waɗannan ƙananan kasuwannin su ne manhajarka take ta walƙa maka. Wane fom ne zai nuna maka wani ya karɓi ambulan a otal? Abin bai tsaya can ba. A 2019 an dakatar da Shakib Al Hasan na Bangladesh don ya ɓoye cewa dillali ya tuntuɓe shi. A 2022 an dakatar da Brendan Taylor na Zimbabuwe shekara uku da rabi. Ban ce yawancin wasanni na bogi ne ba, a'a, ba haka ba ne. Cewa nake kai ba ka da hanyar bambancewa.

Tunda na ce bogi, bari in rufe da wanda ya fi ba ni dariya, ko da yake ba wasan ƙasa da ƙasa ba ne. A 2022, a wani ƙauye mai suna Molipur a jihar Gujarat ta Indiya, wasu suka hayi gona, suka share ta, suka kafa fitilu da kyamarori. Suka ɗauko leburorin gona da matasa marasa aiki, rupi 400 kowane wasa, suka sa musu riguna irin na gasar IPL. Suka sauko da ihun 'yan kallo daga intanet, suka samo mai kwaikwayon muryar wani shahararren mai sharhi, suna haskawa a YouTube. Su wa ke sa kuɗi? Wasu 'yan caca a Rasha, ta Telegram. In kuɗi ya shigo, sai a yi wa alƙalin wasa magana ta oba-oba, shi kuma ya yi wa mai jifa da mai bugu alama, a buga 6 ko a fita, duk wanda zai cinye kuɗin mutanen. Har sun kai zagayen kwata fainal kafin 'yan sanda su dira. Ina dariya, amma ka yi tunanin wancan mutumin a Rasha, cikin sanyi, da littafinsa da bironsa, yana nazarin fom ɗin leburorin gona. Shi ma nazari yake kiransa.

Mai zauren Telegram ɗinka kuwa, ka tambaye shi abu ɗaya: in hasashensa yana ci, me ya sa yake neman kuɗin rajistarka, ko yake matsa maka ka buɗe asusu ta mahaɗin da ya turo? Da yawansu kamfanin ne yake ba su kamasho a kan mutanen da suka kawo, wani tsarin ma daga asarar da ka yi ake yankar rabonsu.

Saura maganar shagon Yaya, wadda ita ce ta hana ka barci har ka rubuto min da biyun dare, ba fom ba. Na san abin da zuciyarka take raya maka: tikiti ɗaya mai kyau ka mayar da kuɗin kafin ya lura. Da wannan tunanin ake mayar da bashin dubu hamsin ya zama dubu ɗari biyu. Ka riga shi magana. Ka same shi shi kaɗai bayan an rufe shago, ka faɗi adadin gaskiya, kar ka rage ko sisi, ka ce ga yadda za ka riƙa biya. In ba za ka iya fuskantarsa kai kaɗai ba, ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa. Zai yi faɗa, wataƙila ya ƙwace mukulli na wani lokaci. Kafin ka je, ka fita daga zauren nan, ka goge manhajar, ka ba wani amintacce katin bankinka ya riƙe maka na wata biyu ko uku.

Kurket ɗin kuwa kar ka daina kalla. In akwai wasa a ƙarshen mako ka turo min saƙo tun kafin a jefa kwabo, ka gaya min wa kake gani da dalilinka, ni ma in gaya maka nawa, mu rubuta a takarda. Bayan wasa ashirin mu ƙirga.

Masu tambayar yadda ake lissafin DLS, na ga saƙonninku, za mu zauna a kansa a wani shirin. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.